Keken Ɗinkin Baba da Wa'azinka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kiyaye ku, ya raya yaran cikin tsoronsa. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Kawu ta daina kumburi, 'yan biyuna sun koma makaranta, Mama kuma jikinta lafiya. Ban kira ka Fasto ba, kuma da gangan ne. Wannan suna na masu tafa maka ne, ni kuwa goya ka na yi.

Wa'azinka a kan gumakan zuciya ya iso mana. Wata ce ta kunna shi a wayarta bayan taron zumuntar mata, tana murna wai a ji ɗanmu. Mama na zaune a bencin gaba. Muka ji ka ce gunki ba sai an sassaƙa shi ba, duk abin da mutum ba zai iya rabuwa da shi ba ko Allah ne ya ce ya sake shi, to gunkinsa ke nan. Har nan kowa na gyaɗa kai. Sai ka ce ka san wata tsohuwa mai bauta wa keken ɗinkin mijinta da ya rasu, tana zuba masa mai kowace Asabar, tana lulluɓe shi da farin ƙyalle, har hira take yi da shi. Muka ji jama'arka sun fashe da dariya, kai ma ka dakata don su gama. Ba ka ambaci suna ba, amma wa ke nan da bai san wannan keken ba? Shugabar mata ta kai hannu za ta kashe wayar, Mama ta ce a bari, ɗanta ne ke magana. Ta saurara har ƙarshe, ba ta ɗaga kai ba.

Sau ɗaya ka gan ta tana goge keken, lokacin da ka zo ka kwana biyu ka gudu, ba ka kuma tambaye ta komai ba. A kan wannan keken Baba ya ɗinka rigar da ka sa ranar da aka naɗa ka, idonsa ya riga ya fara mutuwa, Mama ce ke zura masa zare a allura. Raina ya ɓaci, Auta, har yanzu bai huce ba. Tunda ka iya gano gumakan mutane daga nesa, ka leƙa naka. Dariyar nan da ka tsaya kana jira, ita kake yi wa hidima, kuma mahaifiyarka ka miƙa mata hadaya.

Na so Mama ta yi fushi kamar ni, amma ka san ta, duk abin da ya fito daga bakinka kamar daga Littafi Mai Tsarki yake. Ta yini a ɗaki tana addu'a. Washegari ta sa aka ɗauki keken aka kai wa gwauruwar nan ta bayan gidanmu mai koyon ɗinki. Da ta dawo daga rakiyar keken ta ce mini ta yi mamaki, ko ƙwalla ba ta yi ba, ashe keken ba shi ne gunkinta ba. Ta ce ta auna zuciyarta da ma'aunin da ka bayar, ta tambayi kanta mene ne ba za ta iya sakar wa Allah ba, sai ta tarar kai ne. Ta ce tana fita daga sujada a coci kafin addu'ar rufewa don kada kiranka na Lahadi ya same ta a hanya. Ta ce sunanka ne farko da ƙarshe a addu'arta, mu sauran sai in ta tuna. Har gafarata ta nema. Tun ina yarinya nake jiran ta faɗi wannan magana, da ta faɗa kuwa ban ji daɗin komai ba.

Ga saƙonta. Ta ce ta gode da wa'azin, ta karɓa, za ta kuma yi biyayya. Kada ka ƙara kiranta sai ranar da ita ta neme ka, ba ta kuma san ranar ba. Na roƙe ta, Kawu ma ya roƙe ta, ta ƙi. Ta ba ni wayarta in ajiye, don haka in ka kira ranar Lahadi, ni zan ɗauka.

Ka gaishe da matarka da yaran. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, haka maigidana da 'yan biyu. Na tambayi Mama ko in sa gaisuwarta, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce in rufe haka.

Ni ce yayarka,
Maman 'Yan Biyu