Ƙasar Gindin Mangwaro

Mitchellville, Maryland
3 ga Nuwamba

Yaya Kambai,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikin Mama, yaya yara? Ni dai ina nan, ƙafafuna sun kumbura da tsayuwa a gidan tsofaffin nan da nake aiki.

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, Madam Rookmin, 'yar ƙasar Guyana. Mutanen can kashi biyu ne, jikokin Indiyawa da jikokin baƙar fata irinmu, kuma ba sa ga maciji. Ita jinin Indiyawa ce. Abokiyar aikina Diana ma 'yar Guyana ce, amma baƙa. In Diana ta zo auna ta, sai tsohuwar ta cusa hannu cikin bargo. Ni kuwa har wanka nake mata. Na ce, “Madam, ai na fi Diana baƙi.” Ta ce, “Ke baƙar wani wuri ce.”

A rikicinsu na 1964 mahaifinta ya yi musayar gida da wani baƙin mutum, kowa ya koma cikin danginsa. Ka ji fa, kamar yadda Baba ya yi da Alhaji mijin Mairo, ƙawar Mama, bayan rikicin Kaduna. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinta, kuma abu ɗaya take so: a ɗebo mata ƙasa daga gindin mangwaron tsohon gidansu, inda aka binne cibiyarta, a sa mata a tafin hannu kafin a ƙone gawarta bisa al'adarsu. Ɗanta Deo ya ce ba zai taka ƙauyen ba. Diana ce kaɗai za ta gida a Disamba, kuma garinsu na kusa da wurin.

Mama ta sake yi mini maganar tsohon gidanmu na Tudun Wada a waya. Don Allah ka kai ta ta gani.

Ƙanwarka,
Selina

Sabon Tasha, Kaduna
12 ga Nuwamba

Selina,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Mama na shan magani, sai dai ƙorafi.

Kin je Amurka ma rigimar mutane ba ta bar ki ba. Ki yi aikinki ki kama bakinki. Maganar Tudun Wada kuma ki bar ta. Kina firamare lokacin, ni ne na ɗauko Mama a baya muka tsallake gada, na san abin da idona ya gani. Mairo ta aiko sau biyu wai Mama ta zo ta ga gwaibar da ta shuka kafin mu tashi. Na ce a gode mata. Ban ce muguwa ce ba, amma ban san wa ke zaune a ƙofar maƙwabcinta ba.

Ki gai da tsohuwarki.

Yayanki,
Kambai

Mitchellville
9 ga Janairu

Yaya,

Barka da sabuwar shekara, ina fata kun shige ta lafiya. Na yi shiru ne don na gaji, jiki da zuciya.

Ban kama bakina ba, ka san hali. Na kai wa Diana saƙon. Ta ce, “Shekara uku tana kallona kamar kashi. In tana so, ta roƙe ni da bakinta.” Tsohuwar kuma ta ce gara ta mutu haka. Sati biyu ina safa da marwa a tsakaninsu. Ana gobe Diana za ta tashi, ta shigo auna jini, sai Madam ta fito da hannunta daga bargo ta miƙa mata. Da ta gama, tsohuwar ta faɗi sunan layin, ta ce gida na uku bayan famfo.

Diana ta je. Mangwaron na nan. Ta ciko ƙaramar kwalba, ta ɓoye cikin safa don an hana shigo da ƙasa. Amma Madam ta rasu kwana huɗu kafin Diana ta dawo, har an ƙone ta.

Muka kai wa Deo kwalbar, ko zai haɗa da tokar uwarsa. A bakin ƙofa ya tsayar da mu. Ya ce, “Ina na san ba a bayan filin jirgi ta ɗebo ba?” Diana ta nuna masa hoton bishiyar a waya. Ya ce mangwaro ko'ina akwai, ya rufe ƙofa. Diana ba ta yi kuka ba, ni ce na yi a mota. Kwalbar tana cikin durowata a wurin aiki, na rasa inda zan kai ta.

Yaya, Mama ta kai saba'in da takwas. Ba zan ƙara roƙonka ba.

Taka,
Selina

Sabon Tasha
20 ga Janairu

Selina,

Gaisuwa. Na kai Mama ranar Asabar. Mairo ta fito ba takalmi ta rungume ta, suka shige ciki. Awa uku suna gindin gwaiba, ina jiyo dariyarsu ta katanga. Mama ta fito da leda cike da gwaiba, duk hanya tana ci tana hawaye.

An aiko sau biyu in shigo in sha ruwa. Ina mota, ban kashe injin ba.

Allah ya kiyaye ki.

Kambai