Taɓo a rigar patron

Asabar da dare, New Bell

Tun watan jiya nake gyara bugun golf ɗina a kan tabarmar roba ta wurin atisaye, har na cika wa patron, shugabana a wurin aiki, baki a ofis. Yau ya kai ni fili, ga ruwan jiya ya jiƙa ƙasa sharkaf. Na juya kafaɗa yadda koci ya koya mini, na kai bugu. Sandar ta nutse, taɓo ya wanke wa patron farar riga, ƙwallon kuwa ko motsi. Da ma faɗa ya yi mini. Cewa kawai ya yi, "Ça va, ba komai, Sani, sake." Tsoro ya mayar da ni kan tsohon buguna. Ran Litinin da wane ido zan gaishe shi?