Fim ɗin maigidana ya mai da ni muguwa

Anti Laure, don Allah ki taimake ni da shawara, zuciyata ta cika har ba na iya cin abinci. Ba zan wahalar da kaina da ɓoye-ɓoye ba, tunda rabin Birnin Kebbi sun riga sun kalli cikin ɗakina a wayoyinsu.

Maigidana mai zanen barkwanci ne. Shekara da shekaru yana zana rayuwar gari, layin mai, 'yan kabu-kabu, manoman Zauro in ruwa ya ci shinkafa, ya buga a takarda ya ajiye a teburin masu shayi. Ba ya sa suna, sai ɗan kifi a ƙasa, don shi ɗan Argungu ne. Mutane na dariya ba su san mai yi ba, ni kuwa ina jin daɗina a ɓoye.

Sai ciwon damuwa ya kama shi. Mutumin da ke sa gari dariya ya koma ko wanka sai na yi lallashi kamar yaro. Ya kwanta ya juya wa bango fuska. Da bakinsa ya roƙe ni, yana kuka, kada in bar kowa ya gan shi a haka, musamman Inna mahaifiyarsa. Na rufa masa asiri. Duk wanda ya yi sallama in ce ya tafi Augie wajen albasa. Inna ta taso daga Argungu da bandar kifi a ƙulle, na tare ta a zaure na yi mata wannan ƙaryar, ta juya tana sa mini albarka. Ranar na yi kuka kamar raina zai fita. Ni na ja shi zuwa wurin likita, ni na riƙa tsare shi da magani har ya miƙe.

Da ya warke, abokinsa Ja'afar mai shirya fim ya ce zai yi fim ɗin rayuwarsa don masu irin ciwon su samu ƙarfin gwiwa. Na ce madalla, har girki na yi wa 'yan wasan. Anti, da fim ya fito sai ga matar da ta fito a matsayina, fuska a murtuke, tana korar tsohuwa daga zaure, miji na ciki a kwance ba mai ceto. Korar tana nan, amma roƙon da ya yi mini babu shi. A fim ɗin ma wai zane ne ya warkar da shi!

Ƙannensa suka kai wa Inna waya ta kalla. Ta kira ni ta ce, “Ashe ke kinka hana ni ganin ɗana? Mi niy yi miki?” Tun ranar ko gaisuwata ba ta amsawa. Na yi masa magana, ya ce ai fim ne kawai. Shi ana ta yaba masa jarumta, ni ana nuna ni a gidan biki. Ina son in fasa ƙwai, ina tsoron ciwon ya dawo a ce ni ce sila. Ko in tattara in tafi gidanmu?

Maman Mujtaba, Badariya

Maman Mujtaba, sannu. An cuce ki, kuma ba na son ki bari wani ya ce miki ƙaramin abu ne. Amma ki ajiye maganar yaji tukuna, don tafiyarki yanzu za ta tabbatar wa dangi abin da suka gani.

Bari in yi wa maigidanki adalci kaɗan. Masu wannan ciwo sukan fito ba su tuna rabin abin da suka faɗa a cikinsa ba. Mai yiwuwa ya tuna ƙofa a rufe, ya manta wanda ya ce a rufe ta, shi kuma Ja'afar abin da aka ba shi ya ɗauka. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa ki tambaye shi kai tsaye ko ya tuna roƙon. In kina tsoron lafiyarsa, ki fara shawartar likitansa, amma kada ki mai da shirunki maganinsa. Wanda ya warke ana gaya masa gaskiya.

Inna ma tana da hujja, an yi mata ƙarya a kan ɗanta. Ki ba ta haƙurin ƙaryar, amma kada ki karɓi laifin da ba naki ba. Gyaran fim ya biyo baya. Na farko shi ne ku shiga mota ku je Argungu tare, ki zauna ki yi shiru, shi ya yi bayani. Mutumin da ya iya buɗe wa duniya ciwonsa zai iya durƙusawa gaban mahaifiyarsa ya ce, ni na sa ta.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ke kuma ya saka miki da alheri.