Hannun da Alis Ta Riƙe

Zuwa ga Serah, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, inuwar tsamiya ga wanda ya yini a rana, zumar da ke ɓoye a kogon duwatsun Jiwa!

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da Mama. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a firamare na tsaya, kuma da hagu nake riƙe biro.

Hasken idona, tun ranar da muka rabu a bakin titin Kuchigoro maganarki ba ta bar kunnena ba. Kin tuna? Ruwa ya ɗauke, mai masara tana fifita gawayi, motoci suna gudu kamar an koro su. Kika miƙo hannu ki kama hannun damana mu tsallaka, na yi wuf na ba ki hagu. Kika tsaya cak, kika kalli baƙar safar da ba na cirewa tun da injin bulo ya cinye mini yatsu biyu, kika ce, “Dominic, wai safar nan zan aura ko kai?” Mai masara ta yi dariya, ni ma na yi, ke ba ki yi ba. Kika ce ran Lahadi in zan zo gaida Baba da ita, gara in zauna a gida. Wayyo Serah! Wa ya koya wa bakin da ya fi rake zaƙi yanka irin wannan?

Bari in ba ki labarin wani mutum. A falon Madam Catherine, Bafaranshiyar da nake wa aiki a Maitama, akwai babban hoto da nake gogewa kullum da safe. Hoton kabari ne a wata tsohuwar coci a ƙasarsu. An sassaƙa miji da mata da farin dutse, suna kwance gefe da gefe kamar barci ya ɗauke su bayan aikin gona. Shi yana cikin sulke tun daga wuya har ƙafa, zaki a ƙarƙashin sawunsa, ita kuma ɗan kare. A jikin kabarin ga ’ya’yansu a jere, maza da mata, biyu daga ciki an naɗe su da zanen goyo. Ban tambayi kowa ba na gane waɗannan ba su yi tsawon rai ba.

Abin da ya riƙe mini ido shi ne hannun. Hagunsa na cikin safar ƙarfe, amma dama tsirara take, kuma ita ce matar ta riƙe. Na ƙirga yatsun, uku. Na ce ko dutsen ne ya gutsure? Na matso da hancina har gilashin ya yi hazo. A’a, wurin sumul yake, da gangan aka yi.

Haka Madam ta same ni, tsumma a hannu, baki buɗe. Ta ce kakan kakanninta ne, sunansa Tibo, ya rayu fiye da shekara ɗari shida da suka wuce. Babban barde ne mai gidan dutse a kan tudu, da gonakin inabi, da manoma a ƙarƙashinsa. Sarkinsu ya kira yaƙi da mutanen Ingila, ya hau doki ya bar matarsa Alis da ciki. Aka sare masa yatsu a fagen fama, aka kama shi, ya daɗe a hannun abokan gaba. Alis ce ta riƙe gida. Ita ke raba iri, ita ke sasanta manoma in sun yi rigimar iyaka, ita ta binne jariri ba miji a gefenta. Da mahara suka zo ta sa aka rufe ƙofa, ta hau katanga da kanta.

Da ya dawo, wannan namijin da bai ji tsoron takobi ba sai ya ji tsoron idon matarsa. Ko wurin cin abinci da safa yake zama. Madam ta ce ba wanda ya san ranar da ya cire. Abin da aka sani, bayan ya rasu masassaƙi ya so ya cika masa yatsu biyar, kamar yadda ake gyara wa manya. Alis ta ce a’a, wannan hannun ne ya dawo mata, shi za ta riƙe har tashin matattu.

Serah, ban ce ni barde ba ne. Doki ban da shi, ko akuya sai ta Kawu. Amma ke fa? Wa ya riƙe gonar doya shekarar da Baba ya kwanta? Wa na gani tana saukowa daga tudu da damin itace a kafaɗa irin na iyayenta, wuya a miƙe kamar giginya, tana waƙar coci kamar ba kaya ta ɗauko ba? Wa ta tsaya gaban masu awon fili da fartanya a hannu har suka naɗe igiyarsu? Da a ƙasar su Madam aka haife ki, wallahi da tuni an sassaƙa ki da dutse! Ke ce rafin da ba ya ƙafewa da rani, ke ce tauraruwar da ke rigan zakara tashi. Mace irinki ce zan ɓoye wa yatsu uku?

Na daɗe ina jiran ki, ban gaji ba, kamar yadda mai doya ba ya tone kunya don ya ga ko ta yi. Ashe ke ma jira kike, ni ne ban lura ba, ni da nake taƙamar ba abin da ke wuce idona.

Ki buɗe ledar da ƙanwata Felicity za ta ba ki tare da takardar nan. Safar ce a ciki, kuma ita kaɗai gare ni. Tun jiya hannun yake shan iska. Kwandastan mota ya kalla ya kau da kai, Madam ta kalla ta ce in kawo mata shayi, duniya ba ta tsaya ba.

Ran Lahadi bayan sujada zan zo tare da Kawu Kure. Zan durƙusa in miƙa wa Baba hannu biyu kamar yadda ya dace, yatsu takwas ba ɓoye-ɓoye. Daga nan zan juyo wajenki. Zan miƙo miki hannun daman. Ki kama shi, Serah, kamar yadda Alis ta kama na Tibo.

Naki da hagu da dama, har ranar da za a kwantar da mu gefe da gefe,

Dominic