Juma'ar da Za Mu Kunna Gwamna

Hillar Salihu, kusa da Makwar, bakin kogin Nilu,
Tsakiyar watan Sha'aban, 1965.

Zuwa ga babban wana, Yaya Usmanu ɗan Malam Abdussalami, ma'aikaci a masaƙar Kaduna.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da gaisuwa mai tarin yawa, da ladabi wanda in aka ɗora shi a kan sikeli zai rinjayi buhun auduga, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hannatu da yara. Allah ya tsare yatsunka daga haƙoran injin, ya sa albarka a guminka, ya raya mana zuriyarka bisa tafarkin gaskiya, amin. Mu ma nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Baba yana nan da sauran ƙarfinsa, sai dai gwiwa da take yi masa gardama da safe, da kuma kunnensa na hagu wanda ya yi murabus bara ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Rabi'atu 'yar'uwarmu ta sauka lafiya a Rufa'a, an sami namiji, an sa masa Mahadi. Na je suna, na dubi yaron da idon basira, na tabbatar hancinka ne aka sake bugawa, Allah ya ba shi haƙurin ɗauka. Auduga ta yi kyau bana a hawasharmu, wato filin noman da hukuma ta yanka mana, gonar ta yi shar tun daga bakin ruwa har iyaka. Nakan dube ta in ce mu muna noma ta a nan, kai kana saƙa 'yar'uwarta a can, amma ko zare ɗaya bai taɓa haɗa mu ba.

Bayan haka, Yaya, ina neman ka gyara zama, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami lamari ne na mulki. Ba ka manta da Gwamna ba, akwatin rediyon nan mai girman rabin jaki da Baba ya sayo a Sinnar shekarar da Inna ta rasu, wanda kai da kanka ka raɗa masa wannan suna saboda yana magana ba a mayar masa. Ka tuna ranar da ka hau dogon yaron ƙofar gida ka ɗaura masa wayar sama, ka sauko da rabin wandonka. Ka kuma tuna wayar ƙasa, wadda aka naɗa a jikin ƙarfe aka kafa a bayan zaure. Baƙar ƙasar nan tamu in ta bushe takan tsage, ƙarfen ya yi sako-sako, muryar Gwamna ta koma kamar ana suyar gyaɗa, har sai an kwarara tulun ruwa a gindin ƙarfen sannan tashar Hausa ta can gida ta fito sarai. Baba bai taɓa yarda wani ya yi wannan ban ruwa ba sai shi. Yakan ce a duk faɗin Jazira wannan ce kaɗai gonar da mufattish, mai duba rabon ruwa, ba ya yanka mata rana. Da ka tafi, sarautar murɗa allurar neman tasha ta faɗo a kaina, na kuma riƙe ta da adalci gwargwadon iko.

A wancan zamani, wato shekarun da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ƙofar gidanmu fada ce. Tun rana ba ta faɗi ba tabarmi suke cika. Tsofaffi a gaba, samari a baya, mata a bayan danga suna yi kamar tsince wake suke. In mai labarai ya ambaci wani gari na ƙasar Hausa, sai wani tsoho ya ɗaga hannu ya ce ya taɓa kwana a can, wani ya ce ƙarya ne, hanyarsu ba ta bi ta nan ba, a yi ta jayayya har a manta da labarin. Ni kuwa ina tsakiya, hannuna a kan allura, ana kawo mini shayi kafin a kai wa liman.

To, Yaya, an yi juyin mulki. Wani ɗan ƙaramin abu ya shigo ƙasa, sunansa tiransisto, bai kai girman takalminka ba. Ba ya bukatar waya, ba ya bukatar ƙarfe, ba ya shan ruwa, batirin tocila kawai yake ci. Ladan, abokina na ƙuruciya wanda na ɗauka ko kabari za a haƙa mana kusa da juna, shi ya fara saye bayan an raba kuɗin auduga. Ya ɗinka masa riga ta fata mai tuntu, ya rataya shi a wuyan jakinsa, har jakin ya fi wasu malamai sanin halin da duniya take ciki. Almu abokinmu ya bi sahu, sauran suka bi Almu. Waƙoƙin Larabci na Umdurman suke kamawa, ka kuwa san yaranmu na yanzu, da Larabci suke mafarki. Tsofaffin fada, wasu Allah ya yi musu cikawa, wasu 'ya'yansu sun ajiye musu ƙaramin a gefen gado sun ce ba sai sun wahalar da ƙafa ba. Da la'asar in na biyo bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan, nakan ji muryar mawaƙi guda tana tashi daga gonaki daban daban, amma ba ka ganin mutum biyu zaune wuri ɗaya. Nakan yi wa Ladan sallama ya amsa da hannu, kunnensa na wani wuri. Fadarmu a yau ta ƙunshi Baba, da ni, da wata akuyar maƙwabta wadda nake zargin ba don labarai take zuwa ba, don tabarma ne.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye baƙin cikina kamar yadda manyan sarakunan da aka tuɓe suka haɗiye nasu. Amma a watan jiya na shiga Sinnar sayen batirin Gwamna, mai kama da tubali, na zaga kasuwa kanti kanti. Mai kantin da muka saba da shi ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa mai neman maganin tsufa, ya ce an daina kawo irinsa, ba mai tambaya, wanda ya sayar mana da damina shi ne na ƙarshe a rumbunsa. Na aika har garin Madani, na sa mijin Rabi'atu ya bincika a Rufa'a, amsa ɗaya ce. Mai kantin ya ba ni aron wani tiransisto wanda ya rantse yana kamo nesa. Na kawo shi gida, na zaro ɗan sandansa, tashar Hausa ta fito kamar kukan sauro a cikin tulu, Baba ya manna shi a kunnen da ya rage masa ya ce bai ji komai ba sai zuciyarsa. Na yi dabara irin ta masana, na ɗaura masa wayar dogon yaro, sai ya rikice ya kama zuba harsuna uku a lokaci guda. Na mayar wa mai shi da godiya. Batirin da ke cikin Gwamna kuwa ya fara gajiya, nakan shanya shi a rana ya ɗan farfaɗo, amma ni da shi duk mun san inda maganar ta nufa.

Na yi zaton Baba zai tsine wa wannan ƙaramin abu da ya watse masa fada. Bai yi ba. Wata rana Ladan ya wuce da jakinsa yana waƙa, Baba ya bi su da kallo har suka sha kwana, sannan ya tambaye ni ko a ƙasar Hausa ma haka abin ya yaɗu. Na ce masa bisa ga takardarka ta bara, har masu kiwo a daji suna ratayawa a kafaɗa. Daga nan ya ce in jakin Ladan ya sami rediyo, to duk inda Mairo take a duniya, akwai rediyo kusa da ita.

Ka san wadda yake nufi, Gwaggo Mairo, ƙanwarsa da ya bari a Kilgori tana 'yar yarinya lokacin da ya fito da niyyar hajji, ya tsaya a Makwar ɗaukar dutsen madatsar ruwa don ya sami guzuri, guzurin ya zama aure, auren ya zama mu. Kai ka je har garin ka neme ta, ka rubuto mana cewa an ce aure ya kai ta wani wuri tun da daɗewa, wasu suka ce wajen Zamfara, wasu suka ce ta haye iyaka zuwa ƙasar da Faransa ta mulka, ba wanda ya san tabbas. Tun daga ranar Baba bai sake ambatonta ba, na ɗauka ya rufe wannan ƙofa. Ashe shirin gaishe-gaishen nan na ranar Juma'a, wanda ba ya yarda ko tari a yi in ana yinsa, ba don daɗin sunayen mutane yake sauraronsa ba. Na yi ƙarfin hali na ce masa, cikin ladabi, mai yiwuwa ne Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Ya ce ya sani. Ya ce in haka ne, waɗanda suka binne ta za su ji, su san tana da wa, ba daga sama ta faɗo ba.

Ga bukatar, Yaya, kuma ina roƙonka kada ka haɗa ta da sauran shirmena. Gidan rediyon yana garinku. Ka taka da ƙafarka, kada ka aika yaro, ka kai katin gaisuwa, ka nemi mai gabatar da shirin ido da ido, ka roƙe shi ya karanta shi ranar Juma'ar farko bayan ƙaramar salla, ba kafinta ba, ba bayanta ba. Ka gaya masa akwai wani tsoho a bakin kogin Nilu mai kunne ɗaya da batir ɗaya, don Allah ya karanta a hankali, da ƙarfi, in da hali ya maimaita. Na ce wa Baba ai ko ba mu ji ba, in an karanta an karanta, kai za ka rubuto mana. Ya ce a'a. Ya ce yana so murya ɗaya ta shiga kunnensa ta shiga nata a lokaci guda, wannan ne zaman da ya rage musu tare.

Saboda haka ya kafa doka: an rufe Gwamna daga ranar har zuwa waccan Juma'a, don a adana abin da ya saura a batirin. Na cire shi, na naɗe shi a tsohon rawanin Baba, na sa a cikin tukunya inda sanyi ba zai taɓa shi ba. Gwamna yana zaure an lulluɓe shi da zanen Inna. Ban san gidanmu yana da faɗi haka ba sai yanzu. In mun idar da magariba mukan zauna a tabarma ɗaya, ni da shi, muna jin waƙar wasu tana tasowa daga bayan danga. Nakan ƙirƙiro labaran duniya in karanta masa da muryar mai labarai, in ce an naɗa akuyar maƙwabta ministar tabarmi, yakan yi murmushi don kada in ji kunya. Azumi kuma ga shi yana ƙaratowa, za mu yi buɗa baki mu biyu. Amma kullum kafin rana ta faɗi sai ya ɗauki tulu ya zaga bayan zaure, yana dafa bango, ya zuba wa ƙarfen ruwa. Na ce masa Gwamna ai yana hutu, ba ya jin ƙishi. Ya ce in ƙasar ta tsage ta saki ƙarfen, ba a rana ɗaya za ta sake kama shi ba. Yanzu ni nake ɗebo ruwan daga tur'a, shi yake zubawa.

Baba yana gaishe ka, yana sa maka albarka, ya ce a shafa kan yara. Rabi'atu da mijinta suna gaisuwa, Mahadi ma ya yi wani ƙara da na fassara da gaisuwa. Ka gai da Hannatu da kyau, ka ce mata har yanzu ba a sami mai dama fura irin tata a wannan yanki ba. Ka gai da Salihu ƙarami da Indo, ka gaya musu suna da baffa a gabas wanda ya taɓa riƙe mulki. Ladan ya ce in gaishe ka, ko dai jakinsa ne ya ce, ban tantance ba.

Saura kalmomin katin. Na tsara wa Baba wasu masu nauyi, da Alhaji a gaba, da Malam, da sunan hilla, wato ƙauyenmu, da lardi, har da baiti guda na Larabci. Ya saurara har na gama, ya ce Mairo ba ta san wannan mutumin ba. Ya ce a rubuta Sodangi, sunan da take kiransa da shi, Sodangi na gidan marina a Kilgori, yana gai da ƙanwarsa Mairo duk inda take. Na riƙe alƙalami ina jiran sauran, domin mutumin da ya yi shekara arba'in bai yi magana ba ai ya tara abin faɗa. Ya daɗe yana kallon bayan zaure. Sannan ya ce a ƙara mata cewa yana nan da rai, ta yi haƙuri, ya ɗan yi jinkiri a hanya.

Kada ka gyara masa ko kalma ɗaya, Yaya. Ranar za mu zuba tulu biyu.

Wassalam. Ni ne ƙaninka mai begen ganinka,
Abdulmuttalib,
Sarkin Allura na Hillar Salihu, mai jiran Juma'a.