Motarmu a Bayan Katanga

Litinin, 3 ga Maris
Da safe na leƙa ta shingen wayar kamfanin nan na tsallaken iyaka, na ga motarmu. Tayoyi sun kwanta, ciyawa har gindin tanki. Da ita muke ci, ni da Kawu. Sun riƙe ta wai mun makara da kayansu. Masu sulhun da muka zaɓa tare sun ce a sakar mana, amma Lauyarmu ta ce hukuncin ba shi da haƙori a ƙasar nan sai kotunsu ta amince. To, na zauna.

Alhamis, 20 ga Maris
Sun cire waya, suna gina katanga. Zama ya ishe ni, na kama wa magina ɗaukar bulo. Baba Maigadi ya ce, "Yaro, ƙara ka kawo ko ƙwadago?" Kwano ɗaya muke ci yanzu.

Talata, 15 ga Afrilu
An ɗaga zaman kotu, wai fassarar hukuncin ba hatimi. Kawu na ta faɗa a waya. Na ce, Kawu, dutsen ya kusa nuna.

Laraba, 14 ga Mayu
Alƙali ya amince! Alhamdulillahi. Lauya don murna har ta bar jakarta a kotu.

Alhamis, 15 ga Mayu
Sabon batir, iska a tayoyi, ta yi tari ta tashi. Na kawo ta bakin ƙofa, ƙofa ta yi mata kaɗan. Katangar da na ɗauko wa bulo da kaina! Baba dariya har da zama a ƙasa. Manajan kamfanin ya ce kotu mota ta ce a saki, ba ta ce a rusa gini ba. Lauya ta ce, "Ranka ya daɗe, sai mu koma mu tambayi alƙali." Sai ya ce a kawo guduma.

Juma'a, 16 ga Mayu
Ni na fara sara. Kafin azahar ta fito titi. Baba ya riƙe hannuna ta taga, ya ce, "Ɗana, kar ka yi gudu." Na tambaye shi ko ana samun lodi zuwa wajen nan. Tambaya ce kawai. Ruwan da ke idona kuma ƙurar siminti ce. Lauya ta gani, magina sun gani, har Manaja da gudumarsa a kafaɗa.