Na kai wa Inna ruwa har ɗaki, na raba ta da ƙawarta

Anti Mu'mina, don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi abin da na ɗauka alheri ne, ga shi ya tsaya mini a rai na rasa yadda zan yi da shi.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a gidanmu na gado a unguwar Yara, nan Keffi, tare da iyalina da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. A ɗan filin da ke tsakanin zaure da cikin gida akwai famfon da marigayi Baba ya ja tun kafin a haife ni. Bututun ƙarfe ne. In za a kawo ruwa sai ya fara tari kamar tsoho, ya tofo jan ruwa, sannan ya saki fari. Da mun ji tarin nan muke yar da abin da ke hannunmu mu ruga da bokiti. A nan aka yi mini wankan zuwa firamare, a nan na sha ranƙwashi saboda wasa da ruwa. Har yau in na tuna ƙamshin jiƙaƙƙen simintin wurin da safe, sai in ga kamar Baba zai fito da butarsa.

A bakin famfon nan Inna ta yi ƙawa, Maman Haggai, 'yar ƙabilar Mada, matar wani marigayi malamin makaranta, tana zaune a bayan gidanmu. Kullum da safe takan shigo da bokitinta. Inna na wanke shinkafar waina, ita tana wanke ganyen miya, suna ta hira ƙasa-ƙasa, jefi-jefi ka ji sun sheƙe da dariya. Sun aurar da 'ya'ya a bakin famfon nan, sun yi kukan mazajensu a nan. Ko da 'ya'yanta suka haƙa mata rijiyar burtsatse ba ta daina zuwa ba, wai ruwanmu ya fi kama sabulu. Mu dai mukan yi dariya.

To, ƙarfe ya tsufa. Tsatsa ta cinye bututun, yoyo ba dare ba rana, gansakuka ta rufe simintin. Daminar da ta wuce Inna ta zame a wurin ta bugu a gwiwa. Ƙanwata Khaulat, wadda take aikin jinya a Garaku, ta zo ta wanke ni tas, ta ce in aka sake irin wannan faɗuwa ƙugu ne zai tafi.

Ni kuwa da ma ina da karambanin gyare-gyare. Na sayo bututun roba mai lanƙwasa, irin wanda ake sayarwa a naɗe kamar ƙaton gammo, na kalli yadda ake haɗa shi a waya, na duƙufa a ranakun hutu. Aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba yanka zare a bakin bututu, ba walda, in an zo kwana sai ka tanƙwara shi ya bi. Daga tankin da muke tara ruwa na ja shi zuwa kicin, na kai banɗaki, na kafa wa Inna nata famfon a ƙofar ɗakinta. Tsohon bututun kuwa na datse shi, na ba 'yan gwangwan, na shafe wurin da siminti. Ranar da na gama har kiran maƙwabta na yi su zo su ga aikin injiniya.

Inna ta sa mini albarka. Amma tun daga ranar Maman Haggai ba ta ƙara shigowa ba. Da na lura, na je na gaishe ta, na roƙe ta ta riƙa leƙo Inna har ɗaki. Washegari sai ga ta cikin kayanta na coci, da lemo a leda. Ta zauna a bakin kujera, suka gaisa, suka sake gaisawa, sai shiru. Sai a lokacin na tuna cewa duk tsawon zamansu ba ta taɓa shiga ɗakin Inna ba sai don barka, ko dubiya, ko ta'aziyya. Bayan ta tafi Inna ta tambaye ni ko likita ya faɗa mini wani abu ne da nake ɓoye mata.

Yanzu Inna ta daina waina. Abinci sai an yi da gaske take ci. Takan idar da sallar asuba ta zauna a kan darduma har rana ta take, ba ta ce wa kowa komai. Ina so in mayar da famfo wurin, ga ragowar bututu ma a ɗaki. Khaulat ta ce in na yi, Inna ta sake faɗuwa, alhakin yana wuyana. Ina tsoron ta faɗi, ina kuma tsoron wannan shirun nata, kuma ni kaina ina kewar wurin. Yaya zan yi?

Daga Ɗan Inna, Yara, Keffi.

Ɗan Inna, na karanta wasiƙarka, kuma ka daina cin kanka. Ɗan da ya tsuguna ya haƙa ƙasa da hannunsa don uwarsa ta huta bai yi abin kunya ba. Khaulat ma tana da gaskiya. Ta ga abin da karayar ƙugu ke yi wa tsofaffi, tsoronta ba na banza ba ne. Sai dai ku biyun gwiwar Inna kuka duba, ba wanda ya duba abin da ke fitar da ita daga ɗaki kowace safiya.

Akwai zumuncin da ba ya yiwuwa a zaune a kan kujera. Matan nan sun saba hira hannuwansu na cikin ruwa, kowacce da ɗan aikin da ya kawo ta, ba baƙuwa ba mai masauki. Ka ɗauke aikin, ka ce su zauna su kalli juna, dole baki ya mutu.

Ka mayar da famfon, amma ba yadda yake a dā ba. Na ɗaki ya zauna inda yake, don alwala da ranar ruwan sama. Ka sa mahaɗa mai baki uku a layin da ka ja, ka kai reshe zuwa tsohon wurin. Ka binne bututun, domin rana tana gasa roba, kuma wanda aka bari a fili tuntuɓe ne. Inda zai miƙe tsaye ka rufe shi da bulo don kada ya riƙa lilo. Abin da ya kayar da Inna yoyo ne da gansakuka, don haka ka yi daɓe mai kaushi, ka karkatar da shi zuwa magudana, ka gina dakalin da mutum biyu za su zauna, da ƙarfen riƙewa a bango. Ka kira Khaulat ta zo ta duba da idon aikinta, abin da ta ce a gyara a gyara. In da hannunta a ciki, hankalinta zai kwanta.

In an gama, kada ka sake gayyatar Maman Haggai ziyara. Ka aika a gaya mata an gyara famfo, shi ke nan. Ta san abin da za ta yi da wannan labari. Ka tuna ita ma tsohuwa ce, kuma abin da Inna ta rasa shi ta rasa, sai dai ita ba wanda ya rubuto mini a kanta.

Kafin ka taɓa cebur, ka zauna a gaban Inna ka tambaye ta inda take son a kafa shi da tsayin da zai yi mata daidai. Ka yanke mata hukunci, Khaulat ta yanke mata, duk don ƙauna, amma ban ga inda aka tambaye ta ba. Kuma kada ka ce sai ka sami sarari. Kaɗaici yana cin tsoho da sauri fiye da ciwon gwiwa, ka fara wannan Asabar ɗin.

Allah ya ba Inna lafiya, ya jiƙan Baba, ya bar matan nan biyu tare har iyakar kwanansu. Kai kuma Allah ya ba ka 'ya'yan da za su damu da shirunka.

Anti Mu'mina